Sabulu Mai Zanen Faifai

Shagari, farkon Rajab, 1984

Zuwa ga taubashiyata Jummai, a Bodinga.

Ki yi mini gafara da na ɗora miki karatun takarda cikin wannan zafi, na san hidimar gida ma ta ishe ki. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Mainasara da yara duka. Mu nan lafiya lau muke, sai ƙafar maigidana Malam da ke motsawa lokaci-lokaci, ita ma da sauƙi.

Jummai, wani abu na yi, har yanzu ban san ko dabara ce ko wauta ba. Kin san tun da sabulun kamfani ya ɓace daga kantuna mata ke fama. Sai na tuna da wanda kakarmu Indo ke dafawa muna yara, tana korar mu daga bakin tukunya da muciya. Na ƙona karan gero, na tace tokar, na dafa ruwanta da man kaɗe. Tukunyar farko ta ƙi. Ta biyu ta kama! Da na ga kumfa ya rufe mini hannu, zama na yi a ƙasa ina ta dariya ni kaɗai, har Malam ya leƙo yana tambayar ko lafiya.

Maƙwabta sunka wawashe shi. Daɗi ya ɗebe ni, na sayar da tumakina duka biyu na sayi mai, na yi ta dafawa. Yanzu ɗakin da ke kusa da rumbu cike yake, curi-curi a kan fayafai. Sai ciniki ya tsaya cak. Unguwarmu kowa ya saya, curi guda kuma yana daɗewa. Garin ma kin san yadda ya koma tun da soja sunka karɓi mulki, baƙin da ke cika shi sun ɗauke ƙafa.

Ga abin da ke hana ni sukuni. Wannan sabulu ba ya shiri da damina. Da ya ji laima sai ya fara gumi, ya saki, ya koma awa kunu. In ruwa ya iske shi a ɗakin nan, tumakina ne za su narke ina kallo. Ga curi biyu nan na aiko, ki gwada, ki ba ni shawara, ke da kinka san mutane.

Taki, Dije.

Bodinga, tsakiyar Rajab

Zuwa ga baiwata Dije.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya ƙara wa Malam sauƙi. To, ɗiyar mace, ashe duk shirun nan naki akwai wayo a ciki! Ke da ko hanyar kasuwar garinku ba ki sani ba, yau ke ce mai kamfani. Na gwada. Wallahi zanen da na fidda rai da shi ya fita fes, kuma hannuna bai yi kaushi ba.

Na nuna wa Direba, maigidan nawa, sai ya miƙe tsaye. Kin tuna lasifikar da jam'iyya ta ɗaura wa motarsa lokacin neman zaɓe? Tun da anka hana siyasa tana ƙarƙashin gado, shi kuma bakinsa na ta ƙaiƙayi. Ya ce mini, "Jummai, wa ke wanka?" Na ce kowa. "Wa ke wanki?" Na ce kowa. Ya ce, "To mai sayen sabulu kowa ne. Ba a zaɓe, ba a bi gida-gida awa mai bikon mata. Murya guda, kasuwa guda, kafin azahar an share buhunan."

Ya ma tsara abin da zai faɗa, yana ta gwadawa a tsakar gida har kaji sun gudu. Wai sabulun Malama Dije ta Shagari, ya fi na kamfani, yana maganin ƙyasbi da makero da ƙaiƙayi, yana mai da tsohuwa yarinya. Na ce a fara da ni.

Shi zai kawo miki takardar nan da kansa. Ki zuba mashi kayan duka a mota, kada ki tsaya tunanin nan naki mai tsawo. Ranar kasuwarmu za ki ji labari tun daga nan.

Uwargijiyarki, Jummai.

Shagari, ranar da motar ta tashi

Jummai, bayan gaisuwa. Allah ya saka muku da alheri. Mainasara ya zo, ya tsaya a zaure suna ta hira da Malam, ni kuma ina ciki ina cusa sabulu a buhu cike da murna. Buhu guda kawai na rage.

Amma ki ji. Takardarki a tsaye na karanta ta, idona ya tsaya a kan "kafin azahar an share buhunan", sauran duk na tsallake. Sai da motar ta tafi na zauna na sake bi a hankali, sannan na ga abin da ya tsara zai faɗa.

Don Allah ki roƙar mini shi abu uku. Kada ya ce yana magani. Ni ban taɓa ganin ya warkar da kowa ba, wanda ya saya don makero kuma bai warke ba, ni za a tambaya gobe ƙiyama, ba lasifika ba. Kada ya ce ya fi na kamfani, ban gwada su tare ba. Kada kuma ya kira sunana a kasuwa, Malam ba zai ce komai ba amma na san zai ji nauyi. Ya ce dai sabulu ne baƙi, na toka da man kaɗe, yana fidda dauɗa, ba ya cin hannu. Wannan na tabbata da shi.

Na ba Maniru mai albasa takardar nan, ya ce gobe zai bi ta wajenku.

Dije.

Shagari, ƙarshen Rajab

Jummai, lafiya kuwa? Kasuwarku ta ci ta watse, ban ji daga gare ki ba, motar Mainasara kuma ba a gan ta a hanya ba. Wata mata da ta dawo daga wajenku ta ce an yi layi har bakin titi saboda sabulu, na ji daɗi har na tashi tsaye. Sai ta ƙara da cewa soja sun zo, wai an kama kayan wata mata 'yar Shagari da ta ɓoye. Ba ta san da wadda take magana ba. Ruwa kawai na ba ta.

In an taɓa Mainasara saboda ni, ki faɗa mini kada ki ɓoye. Jiya hadari ya taso ta gabas, iska ta watsa shi.

Dije.

Bodinga, farkon Sha'aban

Dije, kwantar da hankalinki, ba wanda anka kama. Tayar mota ce ta fashe, taya kuma yanzu sai an je Sakkwato an yi roƙo, shi ya sa kinka ji shiru. Maniru naki kuwa Sifawa ya tsaya cinikin albasa, takardarki tana aljihunsa, sai bayan kasuwa ya kawo ta tana warin albasa. Da na karanta wa Direba sai ya ce, "Ai kuwa duka ukun na faɗa."

Bari in ba ki labari, ki yi dariya ko kuka, duk wanda ya zo miki. Da hantsi ya kunna abin, ya ce, "Jama'a, sabulu ya samu!" Dije, ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Mahauta sunka bar nama, masu awo sunka bar mudu. Kin san yanzu an koya wa mutane layi, nan da nan anka jeru har bakin titi. Kowa ya ɗauka na kamfani ne gwamnati ta kawo a raba. Ni ina cikin mota ina cewa yau baiwata ta yi arziki.

Da anka kwance buhu, na gaba ya leƙa, ya ce, "Mi ne ne wannan, daddawa?" Layin nan kusan duk maza ne, ba wanda ya taɓa wanke ko hularsa. Direba ya ƙara murya, ya shiga lissafa cututtuka. Sai wani tsoho ya ɗaga sanda ya ce, "Kai Mainasara! Ba da wannan ƙahon ka ce muna za a kawo famfo ba? Ina famfon?" Wani ya ce, "Da lantarki!" Kasuwa ta ɗauki dariya. Wani ya ce in wannan muryar ta ce mashi rana ta fito, sai ya leƙa waje tukuna.

Sojan guda ne, ya zo don ya ji an ce an ɓoye kaya. Ya tura hannu cikin buhu, ya shinshina, ya ce irin shi tsohuwarsa ke yi a garinsu. Ya sayi biyu, ya ce a rage ƙara, ya tafi. Shi ke nan kamun da kinka ji.

Abin da munka sayar bai kai rabin buhu ba. Sauran na ɗakina. Direba ya mai da lasifika ƙarƙashin gado, ko tuwo bai ci ba ranar. Da kowa ya watse, Mairo ungozoma ce kawai ta tsaya tana murza wani gutsuren sabulun a bayan hannunta, har ta ɗan lasa. Ta ce wanda ya yi wannan bai sa soda ba, irin shi take nema na wankan jarirai, don na sodar da ake yi yanzu yana saɓule musu fata. Ta ɗauki uku. To mi uku za su rage?

Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Ko a mayar miki da kayan?

Jummai.

Shagari, Sha'aban

Jummai, alhamdu lillahi da ba a taɓa kowa ba. Ki ba Mainasara haƙuri, ki ce na gode, don alheri ya nufa. Kada a dawo da kayan.

Ƙarshen takardarki na yi ta maimaitawa, wannan karon ban tsallake komai ba. Mairo! Jummai, ba ki ga abin da ta nuna mana ba? Mun je muna kiran kowa, alhali masu wanki suna cikin gida, bayan zaure, inda lasifika ba ta da izinin shiga. Cikinsu kuma wa ta fi kowa bukata? Mai jego. Wankan safe da maraice har arba'in, ga wankan jariri, ga tsummokaransa da ba sa ƙarewa. Sannan duk matar da za ta je barka, da mi ta saba zuwa? Da sabulu. Yanzu babu, suna zuwa hannu sake suna jin kunya. Ni kaina na je wata barka da 'yar kuka a ƙulle, ina ta ɓoye ta cikin mayafi.

Wa kuma ke riga kowa shiga gidan haihuwa? Ungozoma.

Ban tsaya tunani mai tsawo ba, kin ga na ji maganarki. Na gwada da buhun da na rage. Na kira ungozomar unguwarmu na ce duk gidan da ta karɓi haihuwa ta kai wa mai jego curi guda kyauta, ta ce daga gare ni. Na yayyanka wasu ƙanana, daidai abin da mai zuwa barka za ta iya saya ba ta takura ba. Jummai, kafin ranar sunan farko, mata sunka fara sallama a ƙofata! Wata ta ce, "A ba ni irin na mai jegon gidan Mu'azu, mai zanen faifai." Na ce wane zane? Ta juya curin ta nuna mini. Ashe da nake shanya su da ɗumi, saƙar faifan ta fito a gindin kowanne. Ni da na yi ban lura ba, su sun riga sun raɗa mashi suna.

Ki je wurin Mairo da kanki, ki gaishe ta da kyau, ki ba ta nata na wahala. Ki roƙe ta kada ta ce yana magani. Abin da ta gani da idonta kawai za ta faɗa.

Dije.

Bodinga, ana gobe azumi

Baiwata, ko in ce uwar ɗakina, don na fara jin tsoronki.

Muna lafiya. Mairo ta karɓi abin hannu biyu, ta kuma jawo ungozomar Sifawa. Gidana ya koma awa gidan biki, wannan na fita wannan na shiga, kowa "mai zanen faifai". Na yi murna har na yi guɗa.

Sai na duba buhunan, na ga ba su san ana yi ba. Dije, matan Bodinga suna haihuwa, amma ba za su haihu da sauri don sabulunki ba. Ga shi an yi yayyafi, buhun da ke jingine da bango ya fara gumi. Matan ƙauye kuma sun gani a gidajen suna, suna so, ba su san inda ake samu ba, mazansu ne ke zuwa kasuwa.

Ina wannan lissafi a fili, sai Direba daga kan tabarma ya ce, "Mazan ai ni na san inda suke." Na ce kai da anka yi wa dariya? Ya ce, "Ranar ba su san abin ba. Yanzu matansu sun sani, ni tuni kawai zan yi." Na ce da sharaɗi. Na ɗauko takardarki mai warin albasa, na ce abin da ke ciki kawai, ko kalma guda ba ƙari. Ya karanta, ya ce shi tunda yake bai taɓa kunna lasifika don magana gajeruwa haka ba, asarar batir ce. Na ce to mayar da ita ƙarƙashin gado. Ya ce a'a, tsaya.

Haka munka haɗa su. Mairo na shiga gidaje da curi, mata na faɗa wa mazansu, Direba na bin ƙauyuka da fasinja yana cewa, "Sabulu mai zanen faifai, wanda ungozoma ta kai gidanku. Baƙi ne, na toka da man kaɗe. Yana fidda dauɗa, ba ya cin hannu. Yana cikin motar nan, yana gidan Jummai." Ya ɗaure faifai guda a gaban motar don wanda bai ji ba ya gani. Ni ma duk wadda ta shigo, maganar ke nan a bakina, har yara sun haddace.

Ranar kasuwa tsohon nan mai sanda ya dawo. Ya ce, "Mainasara, ba ya maganin makero yau?" Direba ya ce, "Ba ya yi, Baba." "Bai fi na kamfani ba?" "Ba a gwada ba, Baba." Tsoho ya ce, "Ikon Allah, ƙahon nan ya tuba. Ba ni biyu, tsohuwa ta ce in na koma babu kada in shigo." Wannan karon ma an yi dariya, amma da hannuwa a miƙe.

Dije, an share! Ɗakina har na yi shara na shimfiɗa tabarma. Saura buhun nan da ya yi laushi, na ce in cakuɗa shi cikin na gaba, ba mai ganewa. Saƙonki na hannun Direba, ki aika a nemo miki tumaki.

Wani abu ƙarami. Da kaya sunka ƙare mutane na ta miƙo hannu, sai bakin Direba ya kuɓuce, ya ce kasuwa ta sama akwai wani. Na ce mashi ba komai, ai an saba.

Jummai.

Shagari, cikin azumi

Jummai, barkanmu da shan ruwa. Saƙo ya iso. Na karanta takardarki na yi sujada, na sake karanta wa Malam wurin tsohon nan, ya yi dariya har ya manta da ƙafarsa. A daren da saƙon ya zo anka yi ruwan farko na sosai. Na tsaya a ƙofar ɗakin nan da babu komai cikinsa sai fayafai, ina jin ruwa na zuba, ban taɓa jin daɗin ƙararsa haka ba. Tunkiya guda ta riga ta shigo gida, tana nan tana cin dusa.

Guda na ce, ba biyu ba. Ki ji dalili.

Da fari, buhun da ya yi laushi kada ki cakuɗa. Ki ba Mairo ta raba wa masu jego su yi wankin tsumma, ta faɗa musu ruwa ya taɓa shi.

Sannan maganar da kinka ce ƙarama. Jummai, ba ƙarama ba ce. Mutanen nan sun yi shekaru suna jin alkawari daga bakin lasifikar nan, yau ne kawai sunka fara yarda da ita, kuma a kan sabuluna. Ba zan so tsohon nan ya zo kasuwa ta sama ya ɗaga sanda ya ce, "Ina sabulun?" ba. Tunda Mainasara ya faɗa, sai a cika. Kuɗin tunkiya ta biyu na sayi man kaɗe da su. Kaɗan zan dafa, daidai na kasuwa guda, in ajiye cikin tukwane in rufe bakinsu, laima ba za ta samu lokaci ba.

Matsalar toka ce. Karan da na tara ruwan nan ya jiƙe shi sarai, na bi maƙwabta na samu abin da bai kai ba. Kin taɓa ce mini kuna da kara a rufe cikin rumfa. In yana nan a bushe, Mainasara ya taho mini da dami ko nawa ya samu, tunda bakinsa ne ya jawo. Ki kuma ce mashi daga yau, kafin ya ce akwai, ya tambaye ni.

Tukunya na wanke, muciya na jingine, ku kawai nake jira. Don Allah ki ba ni amsa da wuri, kada kuma ki ba Maniru.

Taki, Dije.